Homa Ya Rubuta Sunan Simowisiyos, Wa Zai Rubuta na Samarin Lamisula?

A kashi na huɗu na Iliyad, doguwar waƙar yaƙin Girkawa da ake danganta wa Homa, akwai wani saurayi mai suna Simowisiyos. Ba sarki ba ne, ba ɗan sarki ba ne, kuma waƙar ba ta nuna ya kashe ko mutum ɗaya ba. Ya fito fagen fama, mashin Ajaks ɗan Telamon ya same shi a ƙirji ta gefen dama, ya faɗi. Duk labarinsa bai cika baiti 20 ba, a waƙar da ta haura baiti 15,000. Amma mawaƙin bai tsallake gawarsa ba sai da ya tsaya ya faɗi ko shi wane ne. Mahaifinsa Antemiyon. Mahaifiyarsa ta sauko daga dutsen Ida tare da iyayenta don duba tumaki, haihuwa ta zo mata a bakin kogin Simowis, aka raɗa wa yaron sunan kogin. Bai yi aure ba. Bai kuma rayu har ya rama wa iyayensa wahalar renonsa ba.

Simowisiyos ba ma ɗan ɓangaren Girkawa ba ne. Mutumin Taroya ne, garin da Girkawa suka yi wa ƙawanya shekara 10. Mawaƙi Bagirke ne ya adana sunan yaron abokan gaba, da na ubansa, da wurin da aka haife shi, kuma yau kusan shekara 2,700 ke nan ana karanta su.

Ba shi kaɗai ba ne. A kashi na shida akwai Aksilos ɗan Tiyutras, mutumin Arisbe, mai dukiya da ya gina gidansa a bakin hanya yana sauke duk baƙon da ya biyo. Ranar da Diyomidis ya auka masa, cikin waɗanda suka ci tuwonsa babu wanda ya tsaya a gabansa. Shi da mai tuƙa masa karusa suka mutu tare. A kashi na goma sha ɗaya akwai Ifidamas ɗan Antenor, ango, wanda ya biya shanu 100 na aure ya kuma yi alkawarin awaki da tumaki 1,000, ya baro amarya ya taho yaƙi da jirage 12. Agamemnon ya kashe shi. Yayansa Kowon ya zo ɗaukar gawar, ya soki Agamemnon a hannu, shi ma ya faɗi a kan gawar ƙanensa. Mutum fiye da 200 ne waƙar ta ambaci mutuwarsu da suna, kuma mafi yawansu mutanen Taroya ne. Kowa ya san Akilis da Hekta, manyan jaruman waƙar, su ne ake yi wa fim. Amma wanda ya zauna ya karanta waƙar zai tarar cewa waɗannan ƙananan mayaƙan, masu zuwa su faɗi cikin baiti biyar ko goma, su ne suke sa mai karatu ya ji nauyin abin da yaƙi ke ci.

Maiduguri tana da nata irin waɗannan, kuma ba a tatsuniya ba.

Lamisula tsohuwar unguwa ce a ƙwaryar Yerwa, wato tsohon garin Maiduguri, ba nisa da fadar Shehun Borno. Ita da Jabbamari suka haɗu suka zama ɗaya daga mazaɓu 15 na ƙaramar hukumar birni. Tun a tarzomar Yulin 2009, wadda ta ƙare da kashe shugaban Boko Haram Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda, ofishin 'yan sandan Lamisula na cikin wuraren da aka kai wa hari. Shekarun da suka biyo baya sun fi muni ga duk tsofaffin unguwannin gari. Ana harbe masu unguwa da malamai da 'yan sanda a ƙofar gidajensu. A 2011 aka hana hawa babur a birnin gaba ɗaya, dubban masu acaɓa suka rasa abin yi. Idan bam ya tashi a wata unguwa, sojoji su zo su kwashe duk saurayin da suka tarar. Talaka ya shiga tsaka mai wuya: in ya nuna ɗan Boko Haram a yanka shi da dare, in ya yi shiru a ce da shi ake yi.

Ranar 14 ga Mayun 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, aka kuma katse layukan waya. Cikin makonnin nan ne abin ya juya. A Hausari wani ɗan kasuwa, Baba Lawan Jafar, ya bi wani ɗan bindiga da sanda ya kama shi ya miƙa wa sojoji. Labari ya bazu, samari suka fito unguwa bayan unguwa da gora da adda da kwari da baka, suka kafa shingaye a bakin lunguna suna binciken duk mai wucewa. Makaminsu na gaskiya ba gorar ba ce, sani ne: sun san ɗan gidan wane ne ya shiga ƙungiyar, sun san ɗakin da ake ɓoye bindiga, abin da sojan da aka kawo daga wata jiha ba zai taɓa sani ba. Kafin damina ta ƙare an kori Boko Haram daga cikin birnin zuwa daji. Aka raba samarin sassa 10 daidai da yadda rundunar haɗin gwiwa ta raba garin, aka riƙa kiransu Civilian JTF, jama'a kuwa suna ce musu 'yan ƙato da gora. Lamisula ta ba da nata samarin kamar yadda Gwange da Bolori da Shehuri suka bayar.

Teloli ne da 'yan tireda da direbobi da ɗalibai da masu facin taya. Ba su taɓa rantsuwar aikin soja ba, ba su da fansho. Daga baya gwamnatin Borno ta Kashim Shettima ta ɗauki wasu 'yan kaɗan a ƙarƙashin shirin BOYES, ta ba su horo da kaki da alawus na naira 15,000 a wata. Mafi rinjaye sa-kai suka ci gaba da yi. Mutuwa kuwa ba ta jira ba. A ƙarshen Agustan 2013 an yi musu kwanton ɓauna kusa da Monguno, aka kashe aƙalla 24. Lokacin da Gwoza da Bama da Baga suka faɗa hannun 'yan ta'adda, aka kawo wa Maiduguri kanta farmaki ranar 25 ga Janairu da 1 ga Fabrairun 2015, suna tare da sojoji a bakin gari har aka mayar da maharan. Su ne ke tsayawa a ƙofar masallaci da tasha da kasuwa suna laluben mutane, don haka su ne ɗan ƙunar baƙin wake ke fara tararwa. Ɗaruruwansu sun mutu. Yau yaro ɗan makaranta a Lamisula, wanda aka haifa bayan 2013, zai iya kawo sunan Shekau, jagoran Boko Haram, ba tare da tunani ba. A tambaye shi sunan mutum uku daga unguwarsu da suka mutu don ya samu zuwa makarantar nan, a ga ko zai iya.

Wannan abin kunya ne, kuma gyaransa ba ya buƙatar biliyoyi.

Yadda ake ba da labarin mutuwa a yaƙin nan ya nuna wa ake ɗauka mutum, wa ake ɗauka adadi. Lokacin da aka kashe Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali a Malam Fatori ranar 4 ga Nuwamban 2016, ƙasar nan gaba ɗaya ta yi makoki, kuma ya cancanta, domin tankokinsa sun taka rawa wajen ƙwato Baga da wasu garuruwa. An binne shi a maƙabartar sojoji ta Abuja tare da sojojin da suka faɗi da shi; sunansa ya zauna a bakin mutane, nasu ya wuce da jaridar ranar. A Metele, Nuwamban 2018, rundunar soja ta ce 23 aka kashe, wasu rahotanni suka ce sun haura 100, aka yi ta jayayya a kan lamba. A kwanton ɓaunar Magumeri na Yulin 2017, inda aka auka wa tawagar masu neman man fetur, jaridu sun kawo sunayen ma'aikatan Jami'ar Maiduguri da abin ya rutsa da su. 'Yan gora da suka raka su, suka mutu a wurin, an haɗe su cikin jimla ɗaya. Kullum haka labarin yake ƙarewa: soja kaza, da 'yan sa-kai kaza.

Borno ba baƙuwar rubuta tarihin yaƙi ba ce, shi ya sa abin ya fi ciwo. Imam Ahmad ibn Furtu, babban limamin Mai Idris Alooma a Birnin Gazargamu, ya rubuta littattafai biyu a 1576 da 1578 a kan yaƙe-yaƙen sarkinsa: ƙawanyar Amsaka, karawa da Bulala a Kanem, da 'yan bindigar da Turkawa suka horar. Jerin sarakunan Sefawa da Heinrich Barth ya samu a Kukawa a 1851 yana cikin tsofaffin rubutattun tarihin Afirka. Sai dai alƙalamin fada yakan tsaya a kan mai rawani. Ɗan ƙasa mai mashi da garkuwa ba ya shiga.

Labarin Kachalla Barka Gana ya isa misali. Bawa ne da ya tashi a hannun Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi tun yana yaro, har ya zama babban kwamandan rundunarsa. Shi ya tarbi Dixon Denham da Hugh Clapperton da Walter Oudney da suka iso Kukawa a Fabrairun 1823. Denham ya bi shi yaƙin ƙasar Mandara a Afrilun shekarar, inda aka fatattake su a Musfeya, Bu Khalum shugaban Larabawan tawagar ya mutu da kibiya mai dafi, shi kansa Denham ya tsira da ƙyar bayan an tuɓe masa kaya. A littafinsa na 1826 ya ba da labarin yadda Shehu ya ba Barka Gana wani doki, daga baya ya aika a karɓo shi don an riga an yi wa wani alkawarinsa. Kachalla ya fusata ya mayar da duk dawakin da aka taɓa ba shi, Shehu ya sa aka tuɓe shi aka ce a sayar da shi, kashegari kuma ya yafe masa ya mayar da shi muƙaminsa. An san zuciyar mutumin nan da jarumtarsa da girman kansa ne saboda wani baƙo ya zo da littafi da alƙalami. Dubban Kanembu masu mashi da suka yi tafiya a ƙafa bayan dokinsa, waɗanda suka tare Bagirmi a Ngala a 1824, ko sunan ɗaya bai iso ba.

Haka aka yi a zamanin Rabe. Ya rushe Kukawa a 1893, aka kashe shi a Kusuri ranar 22 ga Afrilun 1900. Kwamandan Faransa da ya mutu a wannan rana, Lamy, an ba gari guda sunansa, Fort Lamy, har zuwa 1973 da aka mayar da shi Njamena. 'Yan Afirkan da suka cika rundunonin biyu ba a ba su ko lungu ba. A yaƙin duniya ma, hukumar kula da kaburburan sojojin ƙasashen renon Ingila ta amsa da bakinta a 2021 cewa aƙalla mutum 116,000, akasarinsu 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, da suka mutu a yaƙin farko ba a rubuta sunansu ba, wasu ma ba a tuna da su ta kowace hanya ba. Cikin 'yan Borno da suka yi wa Turawa soja, Chari Maigumeri ya yi sa'a, akwai bariki da sunansa a Lokoja. Sauran da suka je Burma suka kwanta a can, jikokinsu da yawa ba su san inda kabarin yake ba. An yi ta zargin Turawa da wannan wulaƙancin, kuma zargin daidai ne. To yanzu babu Bature a Maiduguri. Alƙalamin yana hannun 'yan gida.

Wasu za su ce wannan al'adar Turawa ce, gina gumaka da ajiye furanni, kuma Musulunci bai yarda da ɗaukaka kaburbura ba. Babu wanda ya nemi gunki. Abin da ake magana a kai littafi ne, kuma Musulmi sun riga kowa a wannan fanni. Duk wanda ya yi karatun Sira a zaure ya san cewa Ibn Ishaƙ, ta ruwayar Ibn Hisham, ya jera sunayen mutanen Badar ɗaya bayan ɗaya, kowa da ubansa da ƙabilarsa, ya kuma ware shahidai 14 na ranar. Cikinsu akwai Mihja'u, 'yantaccen bawan Sayyidina Umar, da Umairu ɗan Abi Waƙƙas, yaro ɗan shekara 16 da ya yi ta ɓoyewa don kada a mayar da shi gida saboda ƙuruciya. Haka aka jera na Uhudu, kusan 70. Ba a bar bawa ba, ba a bar yaro ba, kuma littafin bai tsaya nan ba: ya jera har waɗanda aka kashe daga ɓangaren Ƙuraishawa. A Borno da ƙasar Hausa har yau akwai malaman da ke karanta sunayen Ahlul Badri. Sayyidina Umar kuma shi ya kafa diwani, rijistar mayaƙa da iyalansu, don a san haƙƙin kowa a baitulmali. Garin da ya yi suna a duniya da haddar Alƙur'ani da rubuta shi da ka bai rasa marubuta ba.

Girkawan kansu ba su bar abin a waƙa kawai ba. Mutanen Atina sun riƙa sassaƙa sunayen waɗanda suka mutu a yaƙin kowace shekara a jikin dutse, ƙabila ƙabila. Akwai irin wannan dutse a gidan tarihi na Louvre da ke Faransa, na wajen shekara 460 kafin haihuwar Annabi Isa, ɗauke da sunayen 'yan ƙabila guda da suka mutu a Kubrus da Masar da Finiƙiya da wasu fagage cikin shekara ɗaya. Tare da wannan akwai doka: birnin ne ke ɗaukar nauyin marayunsu har su balaga. Suna a dutse da abinci a bakin maraya tafiya ɗaya suke yi, kuma a nan ne amsar masu cewa gara a kashe kuɗin kan rayayyu take. Gwamna Babagana Zulum ya ƙara wa 'yan sa-kai alawus, ya ba su motoci, ya kuma ware tallafin karatu ga marayun waɗanda suka mutu. Abin yabo ne. Tunda an iya zaɓo marayun, akwai wani lissafi a wani ofis. Amma lissafin da jama'a ba su gani ba, ba su da yadda za su gyara shi. Matar da aka manta da mijinta ba ta san an manta ba, kuma sunan da bai cancanta ba yana iya shiga babu mai cewa uffan. Tallafin da ya dogara da halin gwamna mai ci yakan tafi tare da shi. Wanda aka ɗora a kan rijista bayyananniya, da doka a bayanta, shi ne maraya zai iya tsayawa ya nema a matsayin haƙƙi ba alfarma ba.

Akwai wata magana da ta fi wannan nauyi, kuma duk wanda ya kauce mata bai yi wa Maiduguri adalci ba. 'Yan gora ba duka ne suka fita da hannu mai tsabta ba. An yi amfani da nunin yatsa wajen rama tsohuwar gaba. An doki mutane har lahira a kan zato. Bayan harin barikin Giwa na 14 ga Maris 2014, Amnesty International ta ce an kashe fursunoni fiye da 640 da aka sake kamawa a unguwannin birnin, ta kuma ambaci hannun 'yan sa-kai tare da na sojoji. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ƙungiyar 'yan gora a jerin masu amfani da yara a yaƙi a 2016. Ƙungiyar ta sa hannu kan yarjejeniya a Satumban 2017, ta saki yara 833 a Oktoban 2018 da wasu 894 a Mayun 2019, kafin a cire ta daga jerin a 2021. A unguwa ɗaya, wani lokaci a gida ɗaya, akwai uwar da ɗanta ya mutu yana riƙe da gora da uwar da masu gora suka fitar da ɗanta daga ɗaki ba ta sake ganinsa ba. Su biyun suna haɗuwa a wurin suna da biki da ta'aziyya.

Saboda haka littafin da zai ɗauki sunan jarumai kaɗai zai zama rabin gaskiya, kuma uwa ta biyun za ta karanta shi a matsayin cin fuska. Ƙungiyar Red Cross ta ƙasa da ƙasa tana da rijistar mutum fiye da 20,000 da suka ɓace a Najeriya, adadi mafi yawa a Afirka, kuma fiye da rabinsu yara ne lokacin da suka ɓace. Hajiya Hamsatu Allamin da matan ƙungiyoyin Jire Dole da Knifar sun shafe shekaru suna tattara sunayen mazajensu da 'ya'yansu da aka kama ba a sake jin ɗuriyarsu ba, ba tare da kasafin gwamnati ba. Sun riga sun nuna aikin mai yiwuwa ne. Darasin da ke cikin Iliyad da kuma littafin Sira a nan ɗaya ne: rubuta sunan mutum ba wanke shi ba ne, ba kuma hukunta shi ba ne. Shaida ce cewa an haife shi, yana da uba, ya mutu a wuri kaza. Rijistar tana iya raba babi: waɗanda suka mutu suna gadin gari, waɗanda 'yan ta'adda suka kashe, waɗanda suka mutu ko suka ɓace a hannun hukuma. Manoman shinkafa 43 na Zabarmari da aka yanka a Koshebe ranar 28 ga Nuwamban 2020 suna da babinsu. Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa zuwa ƙarshen 2020 yaƙin ya kashe kusan mutum 35,000 kai tsaye, in aka haɗa da yunwa da cuta kuwa kusan 350,000. Ƙiyasi ne, kuma zai ci gaba da zama ƙiyasi muddin ba a bi gida gida ba.

Batun tsaro gaskiya ne, musamman a ƙauyukan da har yanzu 'yan ta'adda ke iya shiga, da kuma yanzu da dubban tubabbu suka dawo cikin jama'a. Iyalin da ya ji tsoro yana da ikon cewa a rubuta a ajiye, kada a buga. A cikin birni kuwa, sunan wanda ya mutu yana gadin lungunsu ba sirri ba ne ga kowa. An yi masa salla a bainar jama'a, an zauna makokinsa kwana uku a ƙofar gida.

Dalilin da ya sa ya kamata a fara daga unguwa irin Lamisula, ba daga Abuja ko gidan gwamnati ba, shi ne sanin yana unguwa. Bulama ya san gidajen. Limamin da ya yi sallar gawar yana nan. Abokan da suka ɗauko gawar daga daji suna tuƙa Keke Napep a titin nan. Borno tana da tsani a shirye, daga bulama zuwa lawan zuwa hakimi zuwa fadar Shehu Abubakar ibn Umar Garbai El-Kanemi, kuma kalma ɗaya daga fada ta isa ta sa kowane bulama ya buɗe littafi. Abin da za a rubuta bai fi abin da Homa ya rubuta ba: suna, sunan uba, unguwa, sana'a, wurin mutuwa da ranarta, da waɗanda ya bari. A ƙara layi ɗaya ko biyu daga bakin uwa ko mata ko aboki, da Kanuri ko Hausa ko Shuwa, yadda suka faɗa. Wannan layin shi ne ke raba mutum da lamba. Cewa wane tela ne da ya bar ɗinkin sallar mutane a kan keke, ko an sa ranar aurensa saura wata guda, ya fi duk wani kirarin jarumta da za a yi masa tasiri a zuciyar mai karatu.

Jami'ar Maiduguri tana da sashen tarihi da Cibiyar Nazarin Sahara, tana da ɗaliban da kowace shekara suke neman abin da za su rubuta kundin kammala digiri a kai. Mazaɓa 15 ce a birni. In kowace ta samu ɗalibai kaɗan da malami ɗaya mai duba aikinsu, zango biyu ya isa a fitar da kundi na farko. Hukumar Raya Arewa Maso Gabas, wadda hedikwatarta ke cikin garin nan, tana iya ɗaukar nauyin wannan aikin. Ranar 15 ga Janairu ta kowace shekara manya suna ajiye furanni don tunawa da sojan da ba a san sunansa ba. Samarin gora kuwa an san sunansu. Ana iya karanta su a wannan rana a ƙofar bulama, ko bayan sallar Juma'a, ko a coci ga waɗanda Kirista ne, a yi musu addu'a.

Lokaci ba ya jira. Shekara fiye da 10 ke nan da fitowar masu gora, iyayen da suka san ranar da wurin suna tsufa suna tafiya. Gobarar 26 ga Fabrairun 2023 ta cinye babbar kasuwar Monday Market. Daren 9 zuwa 10 ga Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga fadar Shehu da asibitin koyarwa da Gwange da tsakiyar tsohon gari, mutane suka fita da kayan jikinsu. Hoton da ke cikin akwatin ƙarfe, katin shaidar ƙungiya, takardar asibiti, littafin da wani sakataren sashe ya riƙa rubuta sunayen waɗanda suka faɗi, duk irin abin da ruwa da wuta ke fara ci ke nan. Don haka kundin da za a yi kada ya kasance kwafi ɗaya a ofis ɗaya: a ajiye ɗaya wurin bulama, ɗaya a fada, ɗaya a ɗakin karatun jami'a, a kuma ɗauki hotonsa a sa a kwamfuta. Majalisar dokokin jihar kuma ta yi dokar da za ta ɗaure kuɗin makarantar marayu da tallafin matan da aka bari a kan wannan rijistar, ta yadda gwamnan da zai zo a 2027 zai tarar da ita a matsayin bashin da ke kansa.